Rufe Backpage da Abin da Ya Biyo Baya: Yadda Mata Masu Zaman Kansu a Amurka Ke Tantance Baƙon Namiji

Ranar Juma'a, 6 ga Afrilu, 2018, duk wanda ya buɗe Backpage, shafin tallace-tallace na intanet da mata masu zaman kansu ke sa tallarsu, sai ya ci karo da tambarin hukumomin Amurka, da sanarwa cewa gwamnati ta ƙwace shi. Bayan kwana biyar Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu kan dokar da aka fi sani da FOSTA-SESTA. Manufar matakan biyu, kamar yadda aka bayyana, ita ce daƙile safarar mata da yara domin lalata, kuma babu mai hankalin da zai ƙi wannan manufa. Sai dai a wancan makon an karya wani abu da ba a cika ba da labarinsa ba, wato hanyar da dubban mata masu zaman kansu ke bi su san ko wane ne namijin da ke shirin ƙwanƙwasa musu ƙofa tun kafin su buɗe.

Matan da ake magana a kansu ba masu tsayuwa a bakin titi ba ne. Su ne waɗanda ke sa talla a intanet, namiji ya tuntuɓe su, a sa lokaci, a haɗu a otal ko a gida. Da yawansu ba su da kawali, ba su da magajiya. Su ke ɗaukar waya, su ke yanke shawarar wanda za su gani da wanda za su ƙi. Karuwanci kuwa laifi ne a kusan duk faɗin Amurka, in ban da gidajen da ke da lasisi a wasu yankunan karkara na jihar Nevada. Saboda haka macen da kwastoma ya daka, ko ya yi mata fashi, sai ta yi dogon tunani kafin ta kira 'yan sanda, domin tana iya zuwa kai ƙara ta kwana a tsare.

Ba na rubuta wannan don in wanke sana'ar ba. Kowa yana da hukuncin da addininsa da tarbiyyarsa suka ba shi a kanta, ni ma ina da nawa. Amma macen da aka shaƙe a ɗakin otal 'yar wani ce, sau da yawa uwar wani ce, kuma laifinta bai halatta jininta ba.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Wani bincike da John Potterat da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 ya bi diddigin mata 1,969 da suka yi karuwanci a birnin Colorado Springs tsakanin 1967 da 1999. Ya gano cewa a lokacin da mace take cikin sana'ar, yiwuwar a kashe ta ya ninka na sauran mata tsararrakinta kusan sau 18. Gary Ridgway, wanda ya amsa laifin kashe mata 48 a jihar Washington a 2003, ya faɗa wa kotu dalilin da ya sa ya fi zaɓar irin waɗannan mata: suna da sauƙin ɗauka ba wanda ya lura, ba a saurin kai rahoton ɓatarsu, kuma ya ɗauka zai kashe iya son ransa ba a kama shi ba. Duk tsarin tantancewa an gina shi ne don rushe wannan lissafi na mugu. Ana so namiji ya shigo ɗaki yana sane da cewa an san sunansa, an san inda yake aiki, kuma akwai wata a waje da ta san yana nan.

Yadda tantancewar take

Abin yakan fara da saƙo. Wanda ya rubuto kalma biyu cikin dare, ba sallama ba suna, yana tambayar ko tana nan yanzu-yanzu, mace mai tsari ba ta ko amsa masa. Wanda ya gabatar da kansa, ya faɗi ranar da yake so da wurin, shi ake mayar wa da jerin abin da ake bukata: cikakken suna na gaskiya, lambar wayar da aka san shi da ita, wurin aiki, da kuma sunayen mata ɗaya ko biyu da ya taɓa gani waɗanda za su tsaya masa. Yadda ya karɓi wannan bukata ma wani gwaji ne. In ya fara ja-in-ja, ko ya ce zai ninka kuɗi a bar maganar suna, ko ya fusata, to ya riga ya nuna halinsa. Namijin da bai mutunta iyakar da aka gindaya masa a waya ba, ba a ɗaki zai mutunta ta ba.

Daga nan sai ta zauna da waya ko kwamfuta. Za ta duba ko sunan ya dace da lambar, ko layin na dindindin ne ko kuwa irin na manhaja ne da ake buɗewa yau a yar gobe. In ya ce a kamfani kaza yake aiki, za ta duba shafin kamfanin ko LinkedIn ta ga ko akwai mai wannan suna da wannan fuska. Wasu sukan ce ya turo saƙo maras komai daga adireshin imel na ofishinsa, domin mallakar wannan adireshi hujja ce da ke da wuyar ƙirƙira. Wasu sukan kira babban layin ofishin su nemi a haɗa su da shi, ba tare da sun faɗi ko su wane ne ba. Wasu kuma sukan nemi hoton lasisin tuƙi, su yarda ya rufe lambar lasisin da adireshin gida, suna da fuska kawai suke son gani. A jihohi da yawa bayanan kotu a buɗe suke, haka ma rajistar waɗanda aka taɓa samu da laifin fyaɗe, don haka akan leƙa can.

Sai kafin alƙalami. Tana neman ya turo wani kaso na kuɗin kafin haɗuwa. Amfaninsa biyu ne: yana kore masu ɓata lokaci, kuma kuɗin da ya fito daga asusu yana barin sawu.

Amma ginshiƙin tsarin shi ne shaidar 'yar'uwa. A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin a nan dokar 2018 ta fi yin ɓarna. Idan baƙo ya ce ya taɓa zuwa wurin wance, mace ba za ta kira lambar da ya ba ta kai tsaye ba, don yana iya ba da lambar abokinsa ko wani layinsa na biyu. Za ta nemo tallar wannan matar da kanta, ta ga ko ta daɗe a harkar, ko tana da shafi da tarihi, sannan ta rubuta mata ta adireshin da ke jikin tallar. Saƙon yakan zama gajere, kamar haka: "Sannu 'yar'uwa, wani mai suna kaza, lambarsa ta ƙare da kaza, ya ce ya gan ki a watan jiya. Gaskiya ne? Za ki sake ganin sa?" Amsar na iya zama: "Na san shi, ba shi da matsala, ya zo a kan lokaci." Tana iya zama: "Ya zo, amma yana da naci, sai kin tsaya tsayin daka." Tana kuma iya zama: "Kada ki kuskura." Matan nan biyu galibi ba su taɓa ganin juna ba, wataƙila ma kishiyoyin kasuwa ne a gari ɗaya, amma al'adar sana'ar ita ce a amsa da wuri kuma a faɗi gaskiya, don gobe ke ma za ki tambaya.

Dubi abin da wannan musayar ke bukata. Dole matar ta farko ta iya samun ta biyu. Dole ta biyun ta kasance tana da tsohon tarihi a wani dandali da za a iya dubawa, in ba haka ba shaidarta ba ta da nauyi. Idan dandalin ya ɓace dare ɗaya, tarihin kowa ya ɓace tare da shi.

Bayan shaidar mutum ɗaya akwai ta jama'a, wato kundin miyagun kwastomomi. Wuri ne da mace ke shigar da lambar waya, ko imel, ko lambar mota, ko kamannin wanda ya cuce ta, da abin da ya yi: ya ƙi biya, ya cire kororon roba ba da saninta ba, ya zare makami, ya kulle ƙofa. Wata in ta samu saƙo daga sabuwar lamba sai ta bincika kundin. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Dabarar ta girmi intanet. A jihar Victoria ta Ostireliya ƙungiyar mata masu zaman kansu ta fara rarraba irin wannan gargaɗi a takarda tun 1986. Intanet ta sa ya zama mai sauri, ya kuma ƙetare iyakar gari, ta yadda wanda ya yi ta'asa a Chicago ba zai sauka a Atlanta a matsayin sabon mutum ba.

Mataki na ƙarshe a ranar haɗuwa ne. Mace takan bar wa wata amintacciya sunan mutumin da adireshin wurin da lokacin da ya kamata ta fito. In ta isa sai ta kira, a gaban kwastoman, da murya yadda zai ji: "Na iso, ina ɗaki kaza, zan kira ki ƙarfe tara." Akan kuma yi yarjejeniya kan wata kalma ta yau da kullum wadda in ta furta ta, waccan ta san akwai matsala. Kiran a gabansa da gangan ake yi. Shi ne cikon abin da aka fara tun saƙon farko, a sanar da shi cewa ba a ɓoye yake ba.

Inda tsarin ke da rauni

Ba za a ce tantancewa garkuwa ce da ba ta huduwa ba. A Afrilun 2009 an harbe wata budurwa har lahira a wani babban otal a Boston bayan ta haɗu da mutumin da ya same ta ta Craigslist, wani shafin tallace-tallace na intanet. Wanda aka kama, Philip Markoff, ɗalibin likitanci ne a jami'a, yana da budurwar da aka sa musu ranar aure. Ya kashe kansa a kurkuku a 2010 kafin a yi shari'a. Mutum irin wannan, in aka duba takardunsa kawai, zai wuce kowane gwaji. Abin lura a labarin shi ne kwana huɗu kafin kisan an ɗaure wata mace an yi mata fashi a wani otal na birnin, ita ma ta hanyar talla aka same ta. Irin wannan labari ne kundin gargaɗi yake wanzuwa don ya yaɗa da gaggawa. Matsayin mutum a gari ba ya faɗin abin da zai yi a bayan ƙofa, abin da ya yi wa ta baya shi ke faɗi.

Haka ma a shari'ar gawarwakin mata masu zaman kansu da aka gano kusa da gaɓar Gilgo a Long Island, jihar New York, a Disambar 2010. Mutumin da aka kama a Yulin 2023, Rex Heuermann, masanin zanen gine-gine ne mai ofishi a Manhattan, kuma masu gabatar da ƙara sun ce da wayoyin yarwa yake tuntuɓar matan. Wannan ne ya sa mata da yawa ba sa sassauci kan maganar layi na gaskiya.

Su ma mazan suna da nasu tsoron, kuma ba duka na banza ba ne. Wanda ya miƙa sunansa da wurin aikinsa ya miƙa abin da za a iya tona masa asiri da shi, ko a yi masa barazana a karɓi kuɗi, kuma akwai 'yan damfara da ke sa tallar ƙarya don karɓar kafin alƙalami su ɓace. A Nuwambar 2023 masu gabatar da ƙara na tarayya sun bankaɗo wasu gidajen karuwai na masu hannu da shuni a kewayen Boston da jihar Virginia, inda kwastoma sai ya cike fom da cikakken suna da lambar waya da wurin aiki kafin a karɓe shi. Waɗannan bayanai sun koma hujja a hannun hukuma, kuma a Maris na 2025 aka fara bayyana sunayen wasu daga cikin mazan a zaman kotu a Cambridge, kusa da Boston. Duk lokacin da irin haka ta faru, sai maza su ƙara noƙewa wajen ba da suna. Mugu kuma yana fakewa a cikinsu, domin shi ma uzurin da zai kawo ke nan.

Akwai kuma rauni na uku, wanda a ganina ya fi sauran girma. Tantancewa tana nufin a ce a'a, kuma a'a tana da tsada. Mai kuɗin haya a hannu tana iya watsar da saƙo goma ta zaɓi ɗaya. Wadda mai gida ya ba ta wa'adin gobe, ko wadda jarabar ƙwaya ke sassaƙa, ba ta da wannan sarari. Tun kafin 2018 ma matan da suka fi talauci su ne suka fi ƙarancin tantancewa. Backpage kuwa dandalin talakawa ne a harkar, tallarsa ba ta da tsada, ba sai kana da shafin kanka ko mai ɗaukar hoto ba.

Abin da ya kai ga rufewa

Backpage ba tsarkakakke ba ne, kuma duk wanda ya ba da labarin nan ya ɓoye wannan bai yi adalci ba. Bayan Craigslist ya rufe sashensa na tallar manya a Amurka a Satumbar 2010, kasuwar ta koma Backpage, ya zama mafi girma. An yi tallar yara ƙanana a kansa, iyaye sun kai ƙara, kotuna suka yi ta korar ƙararrakin saboda sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996, wanda ya ce ba a kama mai shafi da laifin abin da wani ya wallafa a kai. A 2015 Visa da Mastercard suka daina karɓar kuɗin tallarsa bayan matsin lambar Tom Dart, shugaban 'yan sandan gundumar Cook, inda birnin Chicago yake. A Janairun 2017 wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawa ya fitar da rahoto cewa kamfanin yana goge kalmomin da ke nuna yarinya ce ƙarama daga cikin talla, sannan ya wallafa tallar. Wannan mummunan aiki ne, kuma waɗanda suka yi fafutukar ganin bayansa suna da hujja.

Majalisar Wakilai ta amince da dokar a Fabrairun 2018 da ƙuri'a 388 da 25. Majalisar Dattawa ta bi sahu a Maris da 97 da 2, Ron Wyden da Rand Paul ne kaɗai suka ƙi. Dokar ta rage kariyar sashe na 230, ta kuma ƙirƙiro sabon laifi: duk wanda ke tafiyar da dandali da niyyar tallata karuwancin wani ko sauƙaƙa shi yana iya shan ɗaurin shekara 10, in laifin ya tsananta har 25. Matsalar tana cikin faɗin lafazin. Bai tsaya ga safarar mutane ba, ya haɗa da karuwanci gaba ɗaya. To kundin da ke gaya wa mace wane kwastoma ne mugu, shi ma sauƙaƙa karuwanci ne? Lauyoyin kamfanoni ba su tsaya jiran amsa ba.

Tun kafin a sa hannu, Craigslist ya rufe sashen neman abokai gaba ɗaya. Dandalin tattaunawa na Reddit ya rufe zaurukan da suka shafi harkar. The Erotic Review, inda ake ajiye tarihin mata da na kwastomomi, ya toshe masu shiga daga Amurka. Ƙananan zaurukan da mata ke musayar gargaɗi wasu suka rufe, wasu suka goge tsofaffin bayanai. Wasu 'yan Ostireliya suka buɗe dandalin Switter don cike gurbin, sai kamfanin Cloudflare, mai ba shafukan intanet kariya, ya janye masa hidima cikin watan Afrilun, ya ambaci dokar a matsayin dalili. Ƙungiyar Desiree Alliance ta soke babban taronta na 2019, inda ake koyar da dabarun kare kai, don tsoron kada koyarwar ta zama laifi.

Wani abu da ya kamata a riƙe: an ƙwace Backpage kwana biyar kafin dokar ta fara aiki, da tsofaffin dokoki, ciki har da na halatta kuɗin haram. Shugaban kamfanin, Carl Ferrer, ya amsa laifi. Ashe ba sai da sabuwar doka za a iya kama shi ba.

Abin da ya biyo baya

Ka ɗauki mace ɗaya a cikin dubban nan a safiyar 7 ga Afrilu. Tallarta ta tafi. Matan da take tambaya shaida, ta hanyar tallarsu take samunsu, su ma sun ɓace. Sabon dandalin da ta koma yana ƙasar waje, yana da tsada, kwastomomi ba su san shi ba tukuna. Saƙonni sun ragu, haya ba ta ragu ba. Sai ga saƙo daga baƙuwar lamba, mutumin ya ƙi ba da suna. A watan jiya da ta share shi. Yau sai ta tsaya tana lissafi. Mazan ma sun gane cewa ciniki ya koma hannunsu. Mata da ƙungiyoyin da ke taimaka musu sun ba da rahoton cewa kawalai sun dawo suna tuntuɓar waɗanda suka daɗe da rabuwa da su, suna yi musu tayin kawo kwastoma, wasu matan kuma suka koma titi, inda tantancewa ba ta wuce leƙa fuskar direba ta tagar mota na 'yan daƙiƙoƙi ba.

Ƙungiyar Hacking//Hustling ta yi bincike ta fitar da shi a 2020. A cikin masu aiki ta intanet da ta tambaya, sama da kashi 70 cikin 100 sun ce halin kuɗinsu ya taɓarɓare bayan dokar, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma sun ce cin zarafi daga kwastomomi ya ƙaru. Mutanen da aka tambaya ba su kai ɗari ba a wannan rukuni, kuma ƙungiyar tana da ɓangaren da take goyon baya, don haka ba za a ɗora wa alƙaluman nauyin da ya fi ƙarfinsu ba. Amma sun yi daidai da wani bincike na masana tattalin arziki, Scott Cunningham da Gregory DeAngelo da John Tripp, waɗanda suka duba yadda Craigslist ya buɗe sashen tallar a birane daban-daban a lokuta daban-daban, suka ƙiyasta cewa kisan mata ya ragu da kashi 10 zuwa 17 cikin 100 a inda aka buɗe. Wasu masana sun soki hanyar lissafin, suna ganin adadin ya yi yawa. Ko da an rage shi, bayanin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙin fahimta ne: macen da ta samu awa biyu tana bincike kafin haɗuwa ta fi wadda ta samu daƙiƙa goma tsira.

Shin an samu abin da aka fita nema? Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka, GAO, ya duba a Yunin 2021. Ya tarar cewa cikin shekara uku ma'aikatar shari'a ta yi amfani da sabon sashen laifin sau ɗaya tak, a kan mai shafin CityXGuide. Ya kuma ruwaito cewa binciken masu safarar mutane ya ƙara wuya, domin kasuwar ta warwatse zuwa ƙananan dandali da yawa, wasu a ƙasashen da sammacin kotun Amurka ba ya isa. Garin gyaran gira an taɓa ido. Yarinyar da ake safara ba ta daina wanzuwa ba don tallarta ta bar inda ɗan sanda ya saba dubawa.

Hukuncina a nan shi ne 'yan majalisa sun yi kuskuren haɗa abu biyu da suka sha bamban. Akwai dandalin da ke cin riba daga tallar yarinya yana sane, wannan a kama shi, kuma an kama shi. Akwai kuma mata manya da ke gaya wa juna wane ne ke ɗauke da wuƙa. Matan sun faɗi abin da zai faru tun dokar tana gaban majalisa, ƙungiyoyin kare 'yanci sun faɗa, har wasu ƙungiyoyin da ke taimakon waɗanda aka yi safararsu sun faɗa. Ba a saurare su ba, domin ƙin dokar da ke ɗauke da sunan yaƙi da safarar yara abu ne da ɗan siyasa ba ya so a gan shi yana yi.

Akwai wata hanyar, kuma an gwada ta. A Birtaniya, ƙungiyar National Ugly Mugs ta fara aiki a 2012 da tallafin ma'aikatar cikin gida. Mamba tana iya bincika lamba ko imel kafin haɗuwa, tana samun gargaɗi a waya idan an kai rahoton mugu a yankinta, kuma in ta yarda ana miƙa wa 'yan sanda bayanin harin ba tare da sunanta ba. 'Yan sandan Merseyside tun 2006 suke ɗaukar hari kan masu wannan sana'a a matsayin laifin ƙiyayya. A can hukuma ta fahimci cewa kundin gargaɗin nan ita ma yana yi mata aiki, domin mai yi wa waɗannan mata fyaɗe ba a kansu kaɗai yake tsayawa ba. Ba sai ƙasa ta halatta karuwanci kafin ta yi wannan ba. A cikin Amurka ma jihar California ta yi doka a 2019 da ta hana kama mai zaman kanta saboda sana'arta idan ta zo kai rahoton babban laifi kamar fyaɗe ko fashi, ta kuma hana ɗaukar kororon roba a matsayin hujjar karuwanci.

Matan dai ba su daina tantancewa ba. Sun koma rufaffun zauruka da manhajojin saƙo masu sirri, inda sai wata ta gabatar da ke kafin a shigar da ke. Wannan yana aiki ga wadda ta daɗe ta san mutane. Sabuwar shiga, da baƙuwar da ba ta jin Turanci sosai, da wadda ba ta da kowa, su ne suka rage a waje, kuma su ne mugu ya fi nema tun asali.

Ƙungiyar Woodhull Freedom Foundation da wasu sun ƙalubalanci dokar a kotu tun 2018. A Yulin 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta bar dokar a tsaye, amma ta taƙaita fassararta, ta ce laifin ya shafi wanda ya taimaka da gangan wajen aikata karuwancin wani, bai shafi magana ko fafutuka gaba ɗaya ba. Wannan ya rage tsoro a takarda, sai dai ya zo bayan shekara biyar, lokacin da zaurukan da aka rufe sun riga sun watse, Switter ma ya rufe a 2022. Tun Disambar 2019 Ro Khanna da Elizabeth Warren da wasu 'yan majalisa suka gabatar da ƙudirin da ke neman ma'aikatar lafiya ta binciki abin da dokar ta jawo wa lafiya da tsaron waɗannan mata. Bincike kawai ƙudirin ya nema, bai nemi a soke komai ba, kuma bai samu wucewa a wannan zangon majalisar ba.